Shekarar da Na Fitar da Baba Daga Cikin Saba

Hannatu, Iliya, da ke autata Keziya, na san kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ce ta kori ubanta. A bakin gwaggonninku kuka ji, wataƙila a wajen biki, bayan an ci an ƙoshi baki ya rasa aikin yi. Ban taɓa tanka musu ba, domin wadda ba ta san ko kunna kwamfuta ba, ta ina zan fara mata bayani? Yanzu idona ya soma gajiya da karatu, gwiwata ta ƙi hawan mashin, na ga gara in rubuta muku da hannuna kafin wata ta ƙarasa muku da bakinta. Ba gafara na zo nema ba. So nake ku san abin da ya faru a shekarar nan, da abin da ya ci mini.

Kakanku Malam Dauda malamin firamare ne a Kagoro, a gindin dutse aka haife shi, a nan ya koyar har ya yi ritaya. Da ya ajiye alli sai wata damuwa ta kama shi, wato yarenmu. Ya ga yara a coci suna gaisawa da Hausa, suna faɗa da Turancin kasuwa, in tsohuwa ta yi musu magana da yare sai su kalli juna su yi dariya. Abin ya tsaya masa a rai. Mutum ne da zai tare ki a hanya kina ɗauke da itace, ya ce sai kin faɗa masa yadda kakarki take kiran wata ciyawa, ke kuwa wuya na neman karyewa. Daga baya ya tara tsararrakinsa, tsofaffin malamai da manoma daga Kagoro da Gidan Waya har Kachia, suka ce za su tattara kalmomi da karin magana da waƙoƙi wuri guda kafin a binne su tare da masu su. Wasu masu taimako suka ba su ƙananan kwamfutoci, da wata babba da aka ajiye a ɗaki bayan shagon littattafai a Kafanchan. Ni kuwa na yi shekaru ina buga takardu a kwaleji a Gidan Waya, tun ana amfani da tafireta har kwamfuta ta zo na koye ta, don haka ba a ko tambaye ni ba. Aka ce 'yar Malam ce za ta kula da babbar.

Babbar ita ce saba. Akwatin ƙarfe ne baƙi, tsayinsa bai wuce ƙaramin firij ba, kullum yana huci. Kowane tsoho yana zaune a garinsa yana rubutu ko yana ɗaukar murya, abin duka yana taruwa a cikinta. Tana da ƙa'ida guda da ya kamata ku riƙe, don a kanta komai ya faru. In mutum ya buɗe shafi yana aiki, sunansa zai fito a gefen shafin da ɗan kore kamar ƙwayar wake, kuma ba wanda zai iya rubutu a wurin sai ya rufe ya fita. Baba ne ya tsara shafukan, kuma ya ƙi bin a, ba, ca. Ya ce yaren manoma ruwan sama yake bi. Saboda haka aka fara da sharar gona, sai shuka, sai noman fari, sai maimai, sai girbi, aka ƙare da rumbu.

Da farkon damina ya rasu, da safe, a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, kwamfutarsa a kan cinya. Mama ta fito da kunu ta same shi kansa ya sunkuya. Ita ta rufe kwamfutar, ta naɗe ta da zane, ta sa a akwatinta na ƙarfe ta kulle. Bayan an yi jana'iza an watse na koma Kafanchan, na kunna allo, sai ga sunansa a shafin shuka da ɗan korensa. Ban yi mamaki ba. Bai rufe shafin ba ya tafi, saba kuwa ba ta san mutuwa ba. Da na ga dama a take zan cire shi, amma hannuna ya ƙi. Na ce bari gobe, gobe ta zo na sake cewa gobe.

Da tsofaffin suka dawo aiki suka ga sunan, na faɗa musu zan gyara. Dattijo Yohanna, abokin Baba tun suna kiwon awaki, manomin citta ne a Kachia, shi ya kira ni a waya.

“'Yar Malam, kada ki taɓa,” ya ce. “Kunyarsa ce. Ba a tsallake kunyar mamaci.”

Ku da kuka girma a gari ba ku san wannan ba. A wajenmu, in mutum ya mutu yana tsakiyar noma, kunyar gonar da ya fara ba mai sa mata fartanya, ko ɗansa na cikinsa. Haka za ta zauna ciyawa ta ci, har ranar da matarsa ta ce ya isa, ta kira tsararrakinsa su ƙarasa masa. Ita kaɗai ke da wannan magana. Coci ya zo ya kawar da abubuwa da yawa, wannan dai bai kawu ba, har dattawan ikilisiya suna kiyaye shi. Na yi dariya a raina, na ce yau ga kunya a cikin kwamfuta. Amma na ji daɗin an ba ni dalilin barin sunan, don ni ma ban shirya rabuwa da shi ba.

Sai ɗan koren ya tashi daga wurinsa.

Wata safiya na shigo, na share ɗaki, na zauna, na buɗe shafin shuka kamar yadda na saba. Babu shi. Na ɗauka wani ya cire. Na gangara ƙasa, sai na same shi a shafin noman fari, sunan Baba cikakke, kore shar. A makon nan kuwa duk wanda ya bi hanyar Kagoro zai ga mutane sun duƙa a gona suna noman fari. Na duba inda saba take rubuta shigar kowa da fitarsa, ba wanda ya shiga da sunansa tun ranar da ya rasu. Ban yarda ba, na hau mota na tafi gida, na sa Mama ta buɗe akwati. Kwamfutar tana nan cikin zanenta, na danna na danna, batir ya daɗe da mutuwa. Mama tana tsaye tana kallona, ta tambaye ni abin da nake nema, na ce ba komai.

Na kira Idris. Shi ne mai gyara mana in abu ya fi ƙarfina. Danginsa sun daɗe a kasuwar Kafanchan, a shagon ubansa Mama take sayen atamfar zumuntar mata, shi kuma ya karanci kwamfuta a Zariya ya dawo ya buɗe shago. Ya zo ya zauna ya yi ta dube-dube, can ya jingina ya yi murmushi.

“Anti, ba aljani ba ne, indes ne. Fihirisa. Ya wargaje gaba ɗaya.”

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Saba ba ta bin shafi ɗaya ɗaya in an tambaye ta abu, tana da fihirisa da ke gaya mata inda kowane abu yake. To shekara da shekaru tsofaffi suna rubutawa suna gogewa, su ƙara nan su cire can, fihirisar ta tsattsage, rabi a nan rabi a can, ga ramuka a tsakani. Kamar shagon citta ne da ake ta shigar da buhu ana fitarwa ba a taɓa sake jerawa ba, har mai shago ya koma tsallake-tsallake kafin ya kai ga buhu guda. Ga kuma ɗauke wuta da ake yi mana tana tsakiyar rubutu, wanda ya lalata wasu wuraren. Shi ya sa alamar da Baba ya bari take nuna shafin da ba nata ba.

“Na ji,” na ce. “To me ya sa bai faɗa shafin kifi ko na sunayen tsuntsaye ba? Me ya sa noman fari, a makon noman fari?”

“Dace ne kawai, Anti.”

Haka ya ce. Amma na ga ya ɗan ja kujerarsa baya, na kuma ga leɓensa na motsi da a'uzubillahi.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Tsofaffin sun gani daga garuruwansu, suka faɗa wa matansu, kafin Lahadi magana ta kai Kagoro. Ranar kasuwa ina zaune sai ga Mama a bakin ƙofa, da kwandonta a ka, ba ta taɓa taka ɗakin nan ba sai ranar. Kun san kakarku ba ta yi boko ba, Hausarta ma ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” take ce musu, ba ta amfani da ita sai in za ta sayi gishiri. Da yare muke magana tun ina goye. Ta sauke kwando ta ce in nuna mata. Na nuna. Ba ta iya karatu ba amma ta san siffar sunan mijinta, ta gan shi a bangon littattafai shekaru da yawa. Ta ja benci ta zauna gab da allo, ta gyara ɗankwali, ta gaishe shi yadda mace take gaida mijinta in ya dawo daga gona.

“A ina yake yanzu?” ta tambaye ni.

“Noman fari, Mama.”

“Daidai ne. Lokacinsa ne.”

Daga ranar, kowace kasuwa sai ta zo. Takan ba shi labarin gida, akuya ta haihu, rufin kicin yana yoyo, wane ya matsa iyakar gona. Takan yi shiru tsakanin magana kamar mai sauraron amsa, wani lokaci ta yi 'yar dariya. Ni ina gefe ina buga aikina, ga saba tana huci a kusurwa. Ba zan ɓoye muku ba, tun rasuwar Baba ban ga fuskarta ta saki ba sai a ɗakin nan. Ta koma cin abinci, ta koma waƙa a zumunta. Ni kaina da nake taƙama na san fihirisa, in na shigo da safe sai na ce “Baba, ina kwana” a hankali kafin in ajiye jaka.

Fastonmu na lokacin bai ji daɗin labarin ba. Ya zo da dattawa biyu, ya ce matattu suna hannun Ubangiji, ba sa zama a cikin akwatin Bature. Ya ɗora hannu a kan saba zai yi addu'a, ita kuwa wayar wutarta ba ta da kyau, lantarki ya ɗan ja shi. Ya yi tsalle ya ce “Yesu!” da ƙarfin da bai taɓa faɗa a kan bagadi ba. Ya ƙarasa addu'ar daga bakin ƙofa, bai sake dawowa ba. Wannan ne kaɗai abin dariya a shekarar, shi ya sa na ba ku shi.

Da aka shiga maimai, ɗan koren ya koma shafin maimai. Ban faɗa wa Idris ba, don na gaji da jin dace. Duk inda sunan ya sauka tsofaffin sukan janye, har shafukan da ke kusa da shi ba sa taɓawa, wai kada a matsa masa. Aiki ya yi sanyi. Saba kuma ta fara nuna gajiya a fili. Shafin da yake buɗewa kafin ka ƙifta ido, yanzu sai ka ɗora ruwan shayi ya tafasa bai buɗe ba. In tsoho ya aiko da murya daga Kachia sai ta tsaya a hanya ta koma. Daga cikin akwatin wani ƙara ya fara fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera a rufi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwafi. Aikina ne in kwafe komai in ajiye a wani wuri saboda tsaro, to sai ya zama duk lokacin da na fara, sai ya kai tsakiya ya tsaya. Aikin Baba na shekaru, da muryoyin tsofaffin da wasunsu sun riga sun kwanta dama, duk suna cikin akwati guda mai tari.

Gyaran fihirisa iri biyu ne. Akwai na lallaɓawa, wanda saba take ɗan jera abubuwa tana cike ramuka mutane na ciki suna aikinsu. Shi na fara yi, na yi shi ya fi sau nawa, don ba ya taɓa kowa. Yakan ɗan yi sauƙi kwana kaɗan ya koma. Akwai kuma na rushewa a sake ginawa daga tushe, shi kuwa ba ya yiwuwa sai kowa ya fita, a rufe duk shafin da ke buɗe. Idris ya zo ya kara kunnensa a jikin akwatin ya daɗe.

“Anti, faifan ajiyar da ke cikin akwatin nan yana wahala. Kullum yana zarya yana neman abu. In ba a sake gina indes an samu an kwafe ba, ban ba shi ƙarshen damina ba. Ranar da ya tsaya, shi ke nan, ko Legas aka kai shi.”

“Kowa da kowa zai fita?”

Ya gane abin da nake tambaya. Ya kalli ƙasa.

“Kowa, Anti.”

A lokacin ɗan koren ya isa girbi, dawa kuwa ta fara sunkuyar da kai a gonaki. Dattijo Yohanna ya kwanta ciwo, kuma shi kaɗai ya rage da ya san waƙoƙin girbi na da, waɗanda ake yi ana amsawa. Shafin da zai zuba su a kulle yake da sunan abokinsa. Na kira shi na faɗa masa halin da ake ciki, na ce ya ba ni shawara. Numfashinsa na fita da ƙyar.

“Ni ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Ba ni ke da kunyar ba. Je ki wajen uwarki.”

Gwaggonninku suna cewa a ɓoye na yi. Ƙarya ne, ku riƙe wannan. Na hau mota na tafi Kagoro na same ta a bayan kicin tana wanke acca, tana tace yashi daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Na tsuguna na faɗa mata komai da yare, dalla-dalla, na ce akwatin yana mutuwa, in ya mutu zai tafi da duk abin da Baba ya tara, kuma ba a iya ceto shi sai an fitar da kowa. Ba ta ɗago ba, hannunta yana ta juya ruwa.

“Ya kai girbi,” ta ce. “Saura rumbu kaɗai. Wane irin ɗa ne zai kori ubansa daga gona hatsi na ƙasa? Ki bari ya kai rumbu, ni da kaina zan kira su Yohanna.”

“Mama, akwatin ba zai kai ba. In na jira, ba girbin ba rumbun.”

“Ke kika san akwati. Ni na san mijina. Bai taɓa barin aiki a rabi ba.”

“Zan yi ranar Talata da safe. Na zo ne in faɗa miki da bakina.”

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce maganar kunya tata ce, ba ta ba ni ba, ta ci gaba da wankin accarta. Na tashi na fito. Gaba kura baya sayaki, in na bari in rasa aikin ubana, in na yi in rasa abin da ban san girmansa ba tukuna. A mota na yi kuka har wata mata ta miƙo mini gyaɗa.

Ranar Talata gari ya waye da hazo, dutsen Kagoro ko alamarsa ba a gani. Idris ya kawo janareta don kada wuta ta yanke mana a tsakiya. Na bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya a waya na ce kowa ya rufe shafinsa, ina kallon allo ƙwayoyin kore suna mutuwa, na Gidan Waya, na Kachia, har ya rage guda. Na je shafin girbi in dube shi karo na ƙarshe, ban same shi ba. Yana shafin rumbu. Jiya da yamma da na tashi yana girbi, da idona na gani. Na nuna wa Idris, wannan karon bai ce dace ba.

Na ba saba umarni. Ta tsaya, ta fito da tambaya da Turanci, irin wadda take yi wa kowa, cewa akwai mutum ɗaya a ciki, a fitar da shi? Ƙarƙashin tambayar ga sunan Baba.

“Anti, kawo ni in danna,” in ji Idris. “Ni ba mahaifina ba ne.”

“Shi ya sa ba kai za ka danna ba.”

Na danna. Sai ta sake tambaya, ta ce mutumin nan yana da rubutun da bai ajiye ba, in an fitar da shi rubutun zai ɓace, a ci gaba? Na san wannan ma gargaɗi ne da take yi kullum, na gan shi ya fi a ƙirga. Amma ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba, tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ga janareta na ruri a waje, ga zufa a goshin Idris. Na daɗe yatsana a sama. Na yi tunanin me yake rubutawa, na san kuma ba hanyar da zan gani. Na ce da yare, “Baba, ka yi haƙuri, ka ɗan fita in share,” yadda nake ce masa in zan share ɗakinsa ina yarinya. Na danna, koren ya mutu.

Ginin fihirisar ya ɗauke mu har bayan azahar, Idris ya fita ya yi salla ya dawo ana yi. Da ya ƙare, ƙaran nan na ɓera ya ragu, shafuka suka koma buɗewa kamar an buɗe famfo. A ranar muka kwafe komai tsaf, wuri biyu. Dattijo Yohanna ya zuba waƙoƙinsa daga kan gado, 'yarsa tana riƙe masa waya, bai ga Kirsimeti ba. Faifan kuwa ya mutu kafin ruwan ƙarshe, wata rana da rana tsaka ya yi ƙas ya yi shiru, muka sa sabo muka mayar da komai ba abin da ya ɓata. Littafin yare da ke gidan kowannenku daga wannan kwafin ya fito. Na faɗi wannan don ku san ban yi a banza ba, ba don ya rage mini zafi ba.

Ranar kasuwa Mama ta zo kamar kullum. Ta sauke kwando, ta ja benci, ta gyara ɗankwali. Sunan yana nan a jerin ma'aikata, amma ya koma toka-toka kamar na kowa da ba ya ciki. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa gefen sunan inda koren yake zama.

“Ya gama?” ta tambaye ni da yare.

Da na ce e, da ta tafi gida da murna ta kira tsararrakinsa. Kalma ɗaya ce, kuma ta zo har bakina. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma a kan Baba zan fara ba.

“Ya shiga rumbu, Mama, bai gama ba. Ni na fitar da shi.”

Ta miƙe ta ɗaure zane, ta ɗora kwando a ka ba ta bari na taya ta ba. A bakin ƙofa ta juyo, ta yi mini magana da Hausa.

“To, Madam. Sannu da aiki. Ka yi ƙoƙari.”

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Ashe shi ke nan. Daga ranar har ta bar duniya, uwata ba ta sake yi mini magana da yarenmu ba. Ba ta yi gaba da ni ba, kada ku fahimce ni ba daidai ba. Ta ci abincina, ta kwana a gidana, ke Keziya da kika haihu ita ta fara yi wa jaririn wanka. Da ku takan yi yare, da maƙwabta, da awakinta, har da kaji in sun shiga kicin. In ta juyo kaina sai ta koma Hausar da take ciniki da ita. “Ka ci abinci?” “Kawo ruwa.” “Allah ya kai ka lafiya.” Nakan amsa da yare, ta mayar mini da Hausa, haka muka yi shekaru kamar mai tumatir da mai saye. Na durƙusa, na aika dattawa, na aika matan zumunta. Takan ce musu ita ba ta riƙe ni da komai ba. Ina zaune a kan dubban kalmomin yarenmu, kowace zan iya nemo ta cikin ƙiftawar ido, amma mutum ɗaya da nake so in ji su a bakinta ta rufe mini. Wannan ya fi mini mutuwar Baba ciwo, kuma yau na faɗa.

Kuna tambayata wani lokaci ko na yarda Baba ne a ciki. Na san abin da fihirisa take yi in ta lalace, zan iya zana muku a takarda. Na kuma san abin da na gani, shuka, noman fari, maimai, girbi, rumbu, kowanne a lokacinsa. Duka biyun ina ɗauke da su, ban iya ajiye ko ɗaya ba. Da za a mayar da ni ranar Talatar nan, zan sake dannawa.

Ciwon ajalinta a Kagoro ya same ta, ni na yi jinyarta, ku kuna wajen aikinku. Ranar ƙarshe da la'asar ce, rana ta shigo ta taga har kan gado. Ta kwana biyu ba ta magana. Ina zaune a bakin gadon, bayana ba kowa sai bango, ina goge mata baki da tsumma. Sai ta buɗe ido ta kallo wajena, fuskarta ta saki, ta yi magana da yare, da muryar nan tata mai taushi da na yi shekaru ina jin ta daga nesa.

“Sannu da zuwa. Na daɗe ina jira. Zo nan kusa da ni.”

Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na zube a gwiwa na kama hannunta, hawaye na zuba, na amsa mata da yare.

“Ga ni, Mama. Ga ni nan.”

Ta sauko da idonta kaina a hankali, kamar yanzu ta lura ina ɗakin. Ta ce da Hausa:

“Ba da kai nake ba. Matsa kaɗan, ka tare shi.”

Na matsa.